Gurmina da Waƙar Matar Guna

Ran nan ina zaune ƙofar gida da la'asar, ku samarin fadar da ke kusa da mu kuna dafa shayi, sai ɗayanku ya miƙo mini salularsa ya ce, "Baba Ilu, saurara ka ji. Jiya bayan azahar muka shiga istidiyo, kafin magariba mun fito da ita." Na saurara har ƙarshe. Muryarsa da daɗi, ban hana masa ba. Sai wani daga bayansa ya ce, "Ai waƙa ba wuya, Baba. In kana da murya, sauran aikin na'ura ce." Ban yi masa musu a wurin ba, don shayi ya riga ya nuna. Amma tun da yau kun zo da kanku kun ce in ba ku labari, ku gyara zama.

Ni ba gadon kiɗa na yi ba, haye na yi. Mu manoma ne a Garagumsa, daga ubana har kakana babu wanda ya taɓa riƙe abin kiɗa. Ina saurayi aka yi gayya a gonar kawuna, aka ɗauko wani mai gurmi daga Dakusa, Baba Mati, tsoho siriri mai gajeren gemu. Ranar na yi noma kamar ba ni ba, da aka tashi kuma na bi shi har bakin hanya ina riƙe masa jaka. Da na gaya wa ubana ina son in zauna wurinsa, bai yi faɗa ba. Ya daɗe yana gyaran ƙotar hauya, sannan ya ce, "Roƙo za ka yi ke nan." Na ce ba roƙo ba ne, waƙa ce. Ya ce, "Allah ya sa haka ne." Da kaka ta wuce ya sa ƙanensa ya raka ni Dakusa da damin gero a kan jaki, aka damƙa ni hannun Baba Mati.

Aikin farko da ya sa ni shi ne kankare ƙwarya. Gurmi ba wani babban abu ba ne a ido: 'yar ƙaramar ƙwarya, fata ta rufe bakinta, sanda ta ratsa, tsirkiya a kai. Amma ƙwaryar sai wadda ta bushe a jikin yaɗonta. In ta cika kauri murya ta shaƙe, in ba ta da kauri ta fashe maka ranar da ka fi bukatarta. Ana ƙwanƙwasa ta da ɗan yatsa kusa da kunne kafin a saya. Fatar kuwa ta guza ce, ita ke ba da amon nan mai kaifi. Ta akuya ma tana yi, sai dai muryarta kamar ta mai mura. Ana jiƙa fatar, a ja ta tana da danshi, a kafe ta, a bar ta ta bushe a inuwa. Wanda ya yi gaggawa ya kai ta rana ya yi asarar fata. Tsirkiya a zamanin Baba Mati gashin wutsiyar doki ake murɗawa. Mu muka zo muka koma zaren kamun kifi, ba ya tsinkewa da wuri amma yana cin yatsa. Sai ɗan icen da ke ɗaga tsirkiya bisa fata, jaki muke ce masa. Sai ceba, ƙarfen nan mai 'yan zobba da ake sokawa a kan sanda yana yi maka kacau-kacau. Da damina fata kan saki, sai ka nemi garwashi ka gasa ta daga nesa kana shafawa da tafin hannu, har ka ji ta dawo hayyacinta.

Na daɗe a gidan ban taɓa gurminsa ba. Amshi nake yi, ni da Sale mai kaɗa ƙwarya, wanda ya riga ni zuwa, kuma mu ke yi masa noma da damina. Ranar kasuwa sai Baba Mati ya ce, "Ilu, je ka zauna wajen masu awo. Kar ka sayi komai, kar ka ce komai." In na dawo ya ce, "Me ka ji?" In na ce na ji ana cinikin gero, sai ya girgiza kai. "Ba abin da suka yi na tambaye ka ba. Me suka ce? Yadda suka faɗa nake so." Haka ya yi ta aike na, bakin rijiya, maƙera, rumfar mahauta, har kunnena ya saba ɗauko magana da ɗuminta. Shi a wurinsa mawaƙi tsintar magana yake a bakin mutane, ya wanke ta, ya mayar musu da abinsu.

Gayyar farko da ya sakar mini gurmi, a gonar bulama ce, wato mai garin wani ƙauye kusa da Dakusa. Ku da ba ku taɓa gani ba, ga yadda take. Maza sun jeru da hauya mai doguwar ƙota suna turawa a tsaye, kai kuma kana gabansu kana tafiya da baya, fuskarka na kallonsu, rairayi na ƙona maka ƙafa. Da safe jiki na da ƙarfi, ka saki kiɗa. In rana ta take ka ja shi ƙasa, ka tsawaita amshi don su sami numfashi. Idonka kuma yana kan wanda ya fara zama baya. Ba za ka yi masa zambo ba, don in ka kunyata shi gaban surukansa ajiye hauya zai yi ya tafi gida. Sai dai ka kira sunan kakansa, ka tuna masa wata gona da tsohon ya taɓa gamawa shi kaɗai. Ke nan tun kafin ranar sai ka san kakan kowa. Ranar nan muryata ta dishe tun ba a kawo fura ba. Baba Mati yana zaune gindin aduwa, ya yafito ni, ya miƙo mini citta da kanumfari ya ce in tauna. Ya ce, "Da maƙogwaro kake yi. Daga ciki ake ɗaukowa." Na koma na ƙarasa gonar da muryar da ta rage.

Bayan rasuwar Baba Mati, Allah ya jiƙansa, ni da Sale muka shigo Damagaram. Na auri Barira, muka kama ɗaki a unguwar Zango. Birni wata makaranta ce daban. A ƙauye ka san kowa, a nan sai ka yi tambaya. Na yi wa majema waƙa, da dukawa masu jakunkuna da takalma, da direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, da 'yan kokawa in za su fita fili. Kowa da abin da yake so a faɗa. Majemi ba ya son ka ambaci warin sana'arsa ko da wasa, amma ka ce fatarsa ta je Agadas ta je Kano, ya tuɓe rigarsa ya ba ka. Direba so yake ka jero masa garuruwan hanya daidai, in ka tsallake Tanut ya tsayar da kai a tsakiyar waƙa. Akwai wani ɗan kasuwa a Kasuwar Dole da ya kira ni bitikinsa, wato shagonsa, ya ba ni kujera, ya sa aka kawo lemo mai sanyi, ya ce yana son waƙa a kan maƙwabcinsa na rumfa, mai zafi, wadda za ta hana shi fitowa. Na ce, "Alhaji, in na yi maka ita yau, gobe shi ma zai kira ni, kuma shi ma yana da lemo." Ya yi dariya muka rabu lafiya, sai dai bai ƙara kirana ba.

Ranar da aka fara ɗaukar muryata a gidan radiyo, wani ɗaki mai sanyi aka sa mu, ba taga, bango lulluɓe da soso. Mai ɗauka ya ce in cire ceba, tana cika masa kunne. Ya ce in jar fitila ta kama mu fara, in ya ɗaga hannu mu tsaya. Ni da na saba waƙa ta kai inda gona ta kai, yau ga mutum bayan gilashi yana duban montur, agogon hannunsa. Nan na koyi yanke waƙa: ka zubar da baitin da kake so don wanda ake bukata ya sami wuri. Daga nan masu kaset suka kwafa suka baza kasuwanni. Suna ya tafi nesa, aljihu ya tsaya inda yake, amma kira ya ƙaru, kuma da shi muka ci muka sha shekaru.

Sai shekarar nan ta zo. Ruwa ya sauka da wuri, aka yi shuka, ya ɗauke. Aka sake shuka da ɗan irin da ya rage, gero ya kai gwiwa, sai fara ta sauko ta gama da shi. Mawaƙi ne farkon wanda yunwa ke sallama. Ba gayya, ba biki, suna ma sai a raɗa da safe a watse. Na rataye gurmi a ƙusa na shiga tura kurar ruwa unguwa-unguwa, ruwan ma kun san halin Damagaram, sai an bi layi. Barira ta sayar da awakinta ɗaya bayan ɗaya. Daga ƙauye labari ke zuwa mata na jiƙa 'ya'yan itacen anza su zubar da ruwan ɗacin su dafa wa yara. Kullum kamiyo na tashi daga tasha, maza a kai kamar buhuna, sun nufi arewa. Sale ma ya same ni wata safiya da 'yar jakarsa, ya ajiye mini ƙwaryarsa ya ce, "Riƙe mini, in na dawo mu ɗora." Gurmin nan yana rataye har fatarsa ta tsage, ban ko lura ba sai da Barira ta nuna mini.

Ruwa ya dawo damina ta gaba. Na lallaɓa na sa wa gurmi fatar akuya, na ci gaba da 'yan bukukuwan da ake samu. Amma maza da yawa ba su dawo ba. Wata damina ta sake ƙaratowa, ranar nan da hantsi Barira ta shigo da wata mace doguwa, zanenta ya koɗe amma a wanke, da kwanon gyaɗa a kanta. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce sunanta Habsu.

"Malam Ilu, daga Guna nake. Waƙa nake so."

Na ce, "Biki ne ko suna?"

"Ba ko ɗaya. Maigidana ya tafi arewa tun shekarar fara. Da farko yana aiko saƙo, daga baya shiru. Wani direba ya ce ya gan shi da ransa a Libiya, yana buga bulo. Ya ce masa ba zai dawo hannu wofi mutane su yi masa dariya ba."

"To ni me zan yi, baiwar Allah?"

"Yayyena sun ce in an yanke gero bai zo ba, za su kai magana gaban alƙali a raba auren. Ni ban so. Uwarsa kuma idonta ya tafi, kullum tana bakin zaure tana sauraren tafiyar mutane. Direban ya ce can ba su da abin hira sai kaset. Ka yi waƙar da za ta same shi."

Na tambayi sunansa. Ta sunkuyar da kai, na gane na yi wauta, mace irinta ba ta kiran sunan miji. Ta ce, "Ko ka ji shi a bakin wani, kar ka sa. In ya ji sunansa a radiyo ya tafi ke nan har abada."

"In ba suna, yaya zai san da shi ake?"

Ta ɗago kai ta ce, "Wannan kuma sana'arka ce."

Ban saba yin waƙa kan abin da ban gani ba, saboda haka ranar kasuwar Mirya na shiga mota, daga can na ƙarasa Guna a amalanke. Wurin bulama na ji sunan, Lawali. Ɗan fari ne, ke nan uwar ma ba ta kiran sunansa. Gida guda, uwa da mata suna jiransa, ba wadda bakinta zai iya ambatonsa. Habsu ta zagaya da ni. A tsakiyar gonarsa akwai wani gawo da tsawa ta taɓa rabawa biyu, kowane ɓangare yana nan da ransa. Bayan gida ga rumbun da ya gina kafin ya tafi, ya gama jiki bai yi masa jinka ba. Ga wata 'yar yarinya, Ramatu, da aka haifa bayan tafiyarsa, tana dafa zana tana koyon tafiya. Na durƙusa gaban tsohuwa na gaishe ta, na ce ko tana da saƙo. Ta juyo da fuskarta wajen muryata ta ce, "Ka ce wa yaron nan ba wanda zai tambaye shi abin da ya kawo."

Na koma Damagaram na zauna kan waƙar nan. Kiɗan na ɗauko shi daga luguden da na ji Habsu na yi da maƙwabciyarta. Wani majemi da na taɓa yi wa waƙa ya ji labarin, ya nemo mini fatar guza ya ce in sauke ta akuyar nan. Da na ga waƙar ta haɗu sai na sake komawa Guna, don ba a fitar da irin wannan waƙa mai ita ba ta ji ba. Na same ta a gona da safe tana shuka, tana tona rami tana zuba iri ita kaɗai. Na zauna gindin gawo na rera mata. Na sa yunwa, na sa maraici, na sa kukan mata da na yara, kowane baiti na rufe shi da dawo gida, dawo gida. Ni a ganina ban taɓa yin waƙa mai kyau kamarta ba. Ta saurara har na gama, ta ce, "Cire kukan."

Na ce, "Ai kukan ne waƙar."

"Ya san mun yi kuka. Shi ne ma ya hana shi zuwa. Kuma cire dawo ɗin nan, ba ya son a ba shi umarni, ko uwarsa lallaɓa shi take. Gaya masa abin da ke akwai kawai."

Na zubar da fiye da rabin abin da na wahala a kansa. Abin da ya rage labari ne tsurarsa, kamar wanda matafiyi ke ba ɗan garinsu in sun haɗu a tasha:

Mai gawon da tsawa ta raba,
gawonka na nan bai faɗi ba.
An yi ruwa, an yi shuka,
rumbu na tsaye ba jinka.
Akwai wata baƙuwa a gidanka,
ta fara tafiya ba ta san ka ba.
Inna ta ce a gaya maka,
ba mai tambayar me ka kawo.

Na sami wani mai kiɗa, na ba shi ƙwaryar Sale, muka je radiyo aka ɗauka. Suka riƙa sa ta a filin gaishe-gaishe. Na sa aka kwafa mini a kaset, na je tasha da ƙafata na rarraba wa direbobin hanyar arewa, na ce su sa ta duk inda suka tarar da mutanenmu.

Abin da ya biyo baya ban yi zatonsa ba. Mata daga Dakusa da Takeita da garuruwan da ban taɓa takawa ba suka riƙa tsayar da ni a kasuwa suna cewa, "Malam Ilu, wa ya ba ka labarin gidana?" Alhali ba su da gawo, ba su da rumbu. Wani direba ya ce mini in ya sa ta a inda suka yada zango, hira mutuwa take, kowa ya juya fuska wani wajen. Akwai waɗanda suka dawo tun ba a gama noman farko ba, wasu har gida suka zo suka gaishe ni. Sale bai dawo ba. Har yau ba wanda ya kawo labarinsa, ƙwaryarsa na nan a ɗakina.

Lawali ma shiru. Da marka tsohuwa ta kwanta, Allah ya yi mata rasuwa, na je na yi gaisuwa. Aka yanke gero, Habsu ta jibge nata a fili ta kewaye da ƙaya, tun da rumbu ba jinka. Yayyenta suka zo kamar yadda suka ce. Ba mugayen mutane ba ne, ƙanwarsu suke gani tana noma ita kaɗai tana ramewa. Bulama ya roƙe su su ƙara haƙuri har sanyi ya wuce, suka yarda da ƙyar.

Wata safiya ina ƙofar gida ina gyaran tsirkiya, sai ga wani mutum ya tsaya a kaina, ramamme, siminti ya tsattsaga masa hannu, da 'yar leda ƙulle a hannunsa. Ko sallama bai gama ba ya ce, "Kai ne Ilu mai gurmi?"

"Ni ne."

"Wa ya ba ka izinin sa gawona a bakin duniya?"

Na ce, "Ban kira sunanka ba."

"Gawo nawa tsawa ta raba a Guna? Akwai 'yan garinmu a inda nake aiki. Aka sa kaset ɗin nan ana cin abinci, duk suka juyo suna kallona. Ka tona mini asiri, Malam."

Na ce ya zauna. Barira ta kawo ruwa, ta kawo fura. Ya sha kamar wanda ya daɗe bai ga fura ba. Ya ce tun ranar ya bar aikin, amma ba shi da abin mota, sai ya tsaya gari ya yi dako, ya ƙara gaba, ya sake tsayawa, haka damina ta ƙare masa a hanya. Can muryarsa ta sauka ya ce, "Abin da ka ce Inna ta ce, ita ta faɗa, ko kai ka ƙara don waƙa ta yi daɗi?"

"Da bakinta ta faɗa, ina durƙushe gabanta."

"Tana nan?"

Ba wanda ya koya mini wannan a gidan Baba Mati. Na ce, "Sai haƙuri, Lawali. Allah ya yi mata rasuwa da marka."

Ya ajiye ludayi a hankali. Sannan ya miƙe ya ɗauki ledarsa ya ce zai koma tasha. Na ce, "Gero na jibge a fili, kuma yayyen matarka sun ba da wa'adi. In arewa za ka koma ban hana ka ba. Amma ka fara zuwa ka tsaya kan kabarin Inna ka yi mata addu'a, sannan ka tafi." Na shiga na sa hula na fito, ban ba shi damar amsawa ba.

Da la'asar muka isa Guna. Ya ƙi bi ta cikin gari, muka zagaya ta gonaki. Kusa da gawon muka tarar da Habsu da wasu mata suna sussuka. Taɓare suka tsaya ɗaya bayan ɗaya. Ta dube shi, ta gyara kallabinta, ta ɗauko ƙwaryar ruwa ta durƙusa ta ce, "Sannu da zuwa." Yarinyar ta ɓuya bayan zanenta. Shi kuwa yana tsaye yana jujjuya ledar nan, ya rasa inda zai sa ta. Habsu ta karɓa, ba ta kwance ba, ta miƙa wa yarinyar ta ce, "Kai wa babanki ɗaki." Na ga aikina ya ƙare, na juya na nemi amalanke. Daga baya na ji ya yanko gamba ya yi wa rumbu jinka, aka kwashe gero aka zuba.

Kada ku ɗauka ya zo ya gode mini. Shekaru in mun haɗu a kasuwar Mirya kai yake kawarwa, in ta kama dole ya yi gaisuwar fatar baki ya wuce. A Guna kuma suna ya bi shi, manya da yara Mai Gawo suke ce masa. Ban ga laifinsa ba. Wanda aka yi waƙa a kansa ba dole ne ya so mawaƙi ba, wannan ma yana cikin sana'ar.

Yanzu yatsuna sun fara ƙin lanƙwasa da sanyi, murya ta sauka ƙasa. Gayya ta yi wuya, masu biki sun fi son manyan lasifika. In kun kira ni istidiyo ina zuwa, kuma ban raina na'urarku ba, na ga tana gyara murya, tana ajiye waƙa ba ta lalace kamar kaset ba. Sai dai ba za ta hau amalanke ta je ta zauna a gonar mutum a ce mata cire rabin aikinka ba. Wannan ƙafarku ce da kunnenku za su yi.

Bara da rani sai ga Lawali a ƙofar gidana, gemu ya yi fari, da goro da alawa a hannu. Ramatu ta gama lakwal, wato makarantar boko, tana aikin ungozoma a gidan likita, za a yi mata aure. Yana kallon bango ya ce, "Ita ta ce kai take so, ba masu lasifika ba." Na ce Allah ya kai mu.

Ranar bikin bayan la'asar aka shimfiɗa mana tabarma a ƙofar gida, maza a waje, mata a bayan zana. Na yi waƙoƙin aure, na yi na manoma, na kira kakannin ango da na amarya. Waccan kuwa na kauce mata, ba za ka je gidan mutum ranar farin cikinsa ka ɗaga masa tsohon miki ba. Ina shirin rufewa sai Lawali ya miƙe tsakiyar mutane ya ce, "Malam Ilu, yi waccan."

Na ce, "Wacce?"

"Ka sani."

Na ɗaga tsirkiya na fara. Da na kai baitin Inna zan sauke, sai ya ɗaga mini hannu, ya buɗe baki da wata murya mai kaushi ya ɗora da baitin da ba ni na yi ba. Ya faɗi bulo da zafin siminti. Ya faɗi motar da ta mutu musu a cikin rairayi, da abokan tafiyar da suka binne a can ba wanka. Ya faɗi mayafin da ya saya wa Inna a Agadas da ladan dako, wanda ya iso da shi a leda bai sami mai yafawa ba. Ba ya kan kiɗa ko kaɗan. Mai ƙwarya ya dube ni, na yi masa alama da kai mu bi shi duk inda ya nufa.

Abin ya yi tsawo. Babban yayan Habsu, wanda shi ma ya tsufa, ya gyara murya ya ce, "Lawali, ya isa haka, biki ake yi."

Sai muryar Habsu ta fito daga bayan zana: "Yaya, bar shi. Tun yaushe muke jira ya faɗa."

Na gyara zaman gurmi a cinyata, na ci gaba da bin sa.